Dillalin Kara da Littattafan Kaboyi

Wanda bai saba shiga kara ba, idan ya tsaya a bakin titi a Wudil ranar Juma'a, ko ya leƙa Maigatari ranar Alhamis, abin da zai hango bai wuce ƙura da ƙahoni ba. A wurinsa sa sa ne, saniya saniya ce. Sai ya kutsa ciki, ya ga mai neman shanun huɗa ya wuce ƙosasshen bijimin da mahauta ke rububi a kansa ko waiwaye bai yi ba, sannan zai gane cewa abin da ya ɗauka garke guda dabbobi ne iri-iri, kowace da mai nemanta. Haka tarin littattafan kaboyi yake ga baƙo. Bangon kowanne malafa ce da doki da libarba, ga rana tana faɗuwa a bayan tsauni. Wanda ya yi zamanin silimar Rex ko Palace ko Plaza a Kano, ya sha kallon John Wayne da Clint Eastwood, zai ce ai ya san labarin tun kafin ya buɗe: baƙo ya shigo gari, azzalumi ya taɓa shi, a yi fito-na-fito a tsakiyar titi, baƙo ya hau dokinsa ya ƙara gaba. Akwai ɗaruruwan littattafan da ba su wuce haka ba, ba na musu. Amma a cikin garken nan akwai wanda yarinya 'yar shekara 14 ke jan ragamarsa, akwai wanda abokin gaban jaruminsa ba mutum ba ne, fari ne, akwai kuma wanda in ka gama shi sai ka kwana biyu ba ka sha'awar nama.

Don haka duk wanda aka ce wa, "Malam, wanne zan fara da shi?" to ya sani aikin dillali aka ɗora masa. Dillalin kirki kuwa ba ya fara jawo dabba. Da tambaya yake farawa: "Alhaji, me za a yi da ita? Yanka ne, ko huɗa, ko tatsa, ko turkewa za ka yi zuwa Sallah?" Bayan nan sai abu biyu: ya san inda dabbar ta fito, ya kuma faɗi aibinta kafin a sallama. Yawancin masu ba da shawarar littafi duka ukun suke tsallakewa. Abin da ya burge su kawai suke jawowa, su damƙa maka igiya, su ce wannan ba shi da na biyu. Kai kuma ka yi cinikin biri a sama, ka kai gida, ka gaji a shafi na talatin, ka yanke hukunci cewa littattafan kaboyi duk shirme ne.

Zamanin da labaran nan ke ta kewayawa a kansa gajere ne ƙwarai, bai fi shekara 20 ba. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, jihar Texas ta wayi gari da miliyoyin shanu masu dogayen ƙahoni suna watangaririya a daji, ba masu saye. San da da ƙyar a taya shi dala 4 a can, in ya isa kasuwannin arewa sai ya yi dala 40. A 1867 wani ɗan kasuwa, Joseph McCoy, ya kafa shingayen tara shanu a gefen layin dogo a garin Abilene na jihar Kansas, aka shiga koro garake ta burtalin Chisholm zuwa can, a loda su a jirgin ƙasa su nufi mahautan Chicago. Garke ɗaya yakan kai shanu 2,500 zuwa 3,000, da mahaya goma ko sha biyu, da kuku a keken doki. Tafiyar mil 10 zuwa 15 ce a rana, wata biyu ko uku a hanya. Kaboyi, in aka tuɓe masa adon silima, ɗan ƙwadago ne: matashi mai albashin dala 30 ko kusa da haka a wata, shanun ba nasa ba, dokin ma sau da yawa na uban gida ne, sirdi kaɗai ya mallaka. Abin da ya fi tsoro ba harsashi ba ne. Kogi ne a cike, ko tsawa, ko garke ya firgita cikin dare ya ɓalle, doki ya yi tuntuɓe da shi a gaban ƙofatai dubu. Daga baya waya mai ƙaya ta bazu, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, aka killace filaye, layin dogo ya ratsa Texas da kansa, sanyin 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba adadi a filayen arewa. Harkar ta watse ke nan.

Wani abin da ya kamata dillali ya riƙe shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka raini labarin ba a wannan makiyaya suka tashi ba. Owen Wister lauya ne ɗan Philadelphia da ya yi karatu a Harvard, hutu da neman lafiya suka kai shi Wyoming. Zane Grey likitan haƙori ne a New York. Jack Schaefer ɗan jarida ne a gabashin ƙasar, bai taɓa taka yankin ba lokacin da ya rubuta littafin da ya yi masa suna. Karl May na Jamus ya fitar da Winnetou a 1893 ba tare da ya taɓa ganin Amurka ba, J. T. Edson kuma mutumin Ingila ne, tsohon soja mai horar da karnuka. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai san da aka turke a gida aka ciyar da dusa daban yake da wanda ya sha daji, ko da ya fi shi sheƙi.

Mai sayen da ya fi yawa shi ne mai son a yanka yau a ci yau. Tafiyar mota ce ta wuni guda a gabansa, ko zaman jinya a asibiti, yana son abin da zai ɗauke masa hankali ba sai ya nemi ƙamus ba. Kai shi wurin Louis L'Amour kai tsaye, kada ka ji kunya. Mutumin ya rubuta ƙagaggun labarai sama da 80, har Shugaba Reagan ya ba shi lambar yabo a 1984. Kafin ya zauna rubutu ya yi dambe, ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi haƙar ma'adinai, shi ya sa naushi a littafinsa ke da nauyi, kuma ya san yadda mai ƙishirwa ke neman ruwa a hamada. Hondo, na 1953, ƙofar shiga ce mai kyau: ɗan aiken soja ya faɗo wani gida a tsakiyar ƙasar ƙabilar Apache, ya tarar da mace da ɗanta ƙarami, miji ya yi ɓatan dabo. Aibin L'Amour kuwa a fili yake. Jaruminsa ɗaya ne, suna kawai yake sauyawa: dogo, mai faɗin kafaɗa, ba ya fara tsokana, ba ya kuskuren hari. In ka karanta uku a jere ba za ka tuna wa ya kashe wa a wanne ba.

Akwai tsohon bijimin da kowane dillali ke fara nunawa don asalinsa, wato The Virginian na Wister, 1902. Shi ne uban garke. Jarumi marar yawan magana, malamar makaranta daga gabas, arangama a titi da maraice, duk daga jikinsa suka yaɗu. Amma buɗe bakinsa ka duba haƙora: sun zube. Zawarcin malamar ya yi tsawo, marubucin kuma yakan ajiye labari ya hau wa'azi a kan cewa wasu mutane an halicce su ne su yi mulki. Ni ba na ba sabon shiga shi. Wanda nake ba shi shi ne mai son sanin tushe, kuma sai na gaya masa ɓangaren da Wister ya tsaya. A watan Afrilun 1892 manyan masu shanu na Wyoming suka yi hayar 'yan bindiga daga Texas, suka shiga gundumar Johnson da jerin sunayen ƙananan makiyaya da manoman da suke zargi da satar shanu. Sun kashe Nate Champion da abokinsa, sai mutanen gari suka yi musu ƙawanya, har sai da Shugaba Benjamin Harrison ya aiko da sojan doki suka fitar da su. Ba wanda aka hukunta a cikinsu. Wister abokin waɗannan attajirai ne, a gidajensu yake sauka. Shi ya sa a littafinsa, da jarumin ya jagoranci rataye amininsa Steve saboda satar shanu, sai aka kawo alƙali guda ya zauna ya wanke aikin tas.

Wannan rigima ce dai Schaefer ya ɗauko a Shane, 1949, amma ya tsaya a ɗaya gefen shingen. Mai karatun Hausa ba ya bukatar a fassara masa rikicin gona da burtali, sai dai ya lura a Wyoming abin a juye yake. Mai shanun shi ne attajiri, mai ƙungiya da lauyoyi, ya riga kowa baza garkensa a filin gwamnati ba tare da ya saya ba. Manomin shi ne baƙo, talaka, ya zo da takardar eka 160 da dokar 1862 ta ba duk wanda zai zauna ya noma har shekara biyar. Ɗan littafi ne siriri, Turancinsa a miƙe, ɗalibin sakandare zai gama shi a kwana biyu. Yaro ne ke ba da labarin, Bob Starrett, kuma nan gwanintar take, domin yaron yana ganin abubuwan da bai fahimta ba, kai mai karatu kana fahimta: yadda mahaifiyarsa ke gyara hularta tun da baƙon ya sauka, yadda mahaifinsa ya lura ya yi shiru, yadda baƙon ke zaɓar kujerar da ke fuskantar ƙofa. Shane ya naɗe bindigarsa a bargo, ya kama aikin gona. Wurin da ya fi zama a zuciyata ba na harbi ba ne. Wurin da shi da mai gidan suka taru a kan wani tsohon kututture da gatura ne, suna sara ba mai ce wa wani uffan, har suka tumɓuke shi. Kafin kututturen ya faɗi sun zama aminai, kai ma ka san ba za a rabu lafiya ba. Wanda ya ce mini yana son ya gyara Turancinsa ta hanyar karatu, wannan nake miƙa masa.

In kuwa mai sayen mutum ne da ya taɓa tsayawa a kasuwa ya ga an yi ihun ɓarawo, ya ga abin da taro ya aikata cikin minti biyar, to nasa The Ox-Bow Incident ne na Walter Van Tilburg Clark, 1940. Nevada ce, shekarar 1885. Labari ya shigo gari cewa ɓarayin shanu sun kashe wani makiyayi. Kafin a nemo sherif mazaje sun ɗaura sirdi. Cikin dare suka tarar da mutum uku suna barci a gindin wuta, ga shanu masu tambarin wani mai garke na yankin. Matashin cikinsu ya rantse saye ya yi, sai dai ba a ba shi takardar ciniki ba. Wani dattijo mai kanti, Davies, ya yi ta roƙo a kai su gaban alƙali. Littafin bai damu da miyagun cikin taron ba sosai. Idonsa na kan mutanen kirki, waɗanda zuciyarsu ta ƙi abin amma suka fi tsoron a kira su matsorata. Aibinsa shi ne kashi ɗaya cikin uku na farko surutu ne da gardama a ƙofar mashaya, kuma babu jarumin da zai zo ya ceci kowa. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, don faɗin aibi daban, tona ƙarshen labari daban.

Sai ƙanwar da za ta ce, "Yaya, ni fa ba na son littafin harbe-harbe." Ita ake ba True Grit na Charles Portis, 1968, kuma in za a tilasta mini in fitar da dabba ɗaya tak daga garken nan in ce ba ta da aibin kirki, wannan karsanar zan kamo. Mattie Ross 'yar shekara 14 ce daga Arkansas. Wani ɗan aikin gidansu, Tom Chaney, ya harbe mahaifinta a Fort Smith ya tsere yankin da a yau ake kira Oklahoma. Ta zo ɗaukar gawa, ta ga hukuma ba ta da niyyar bin sawu, sai ta yi hayar Rooster Cogburn, jami'in kotun tarayya mai ido ɗaya, mashayi, ta kuma kafe sai an tafi da ita. Daɗin littafin muryarta ce. Tana ba da labarin ne bayan ta tsufa, ba ta yi aure ba, ga riƙon addini, ga riƙon kuɗi, kowane sisi ta san inda ya shiga, kuma ba ta san tana ba da dariya ba. Duk ɗan kara ya kamata ya karanta wurin da ta shiga ofishin wani mai cinikin dawakai, Kanar Stonehill. Mahaifinta ya sayi 'yan dawakai a hannunsa kafin ya rasu. Ta ce sai ya karɓi kayansa ya maido kuɗi. Ya ce ciniki ya faɗa. Ta ce to dokin hawan mahaifinta da aka sace, ai a bargarsa aka sace shi, sai ya biya. Ya yi tayi, ta ce albarka, ta jawo masa sunan lauyanta, ta miƙe za ta fita. Haka ta yi ta matsa shi har ya sallama yana huci. Bayan nan ta dawo ta sayi ɗaya daga cikin dawakan da ta mayar masa, da araha. An yi fim ɗinsa a 1969 da John Wayne, aka sake a 2010, amma ba wanda ya kamo wannan murya gaba ɗaya.

Kotun Fort Smith ɗin nan ta gaske ce, ta alƙali Isaac Parker, kuma cikin jami'anta na gaske akwai Bass Reeves, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, ya yi sama da shekara 30 yana kamo masu laifi a wannan yanki. Ba za ka ga irinsa a bangon tsofaffin littattafan ba. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa wajen ɗaya cikin huɗu na masu koro shanu daga Texas baƙaƙen fata ne, ga 'yan Meziko da yawa, waɗanda a wurinsu ma aka koyi sana'ar, daga jifan zarge har ɗinkin sirdi. Marubutan farko sun tsame su daga garken, silima ta ƙarasa aikin.

Larry McMurtry ya maido da ɗaya daga cikinsu a Lonesome Dove, 1985, wanda ya ci kyautar Pulitzer a shekarar da ta biyo. Wannan shi ne babban sa, mai tozo, kuma kada ka sayar wa wanda ba shi da harawa. Shafi sama da 800 ne. Dole ka gaya wa mai saye cewa zai ci shafi fiye da ɗari mutanen nan ba su bar ƙauyensu ba, suna zaune a bakin kogin Rio Grande suna gardama a kan wake da aladu. Wanda ya jure wannan, ya gama sayuwa. Tsofaffin jami'an tsaron Texas ne guda biyu, Gus McCrae mai surutu da son hutu da mata, da Woodrow Call wanda bai san komai ba sai aiki, ga yaro yana girma a gabansa ya kasa buɗe baki ya ce ɗansa ne. Suka tsallaka Meziko da dare suka koro shanun mutane, abin da suka sha rataye wasu a kansa, suka nufi Montana, kusa da iyakar Kanada, ba don wani dalili mai ƙarfi ba sai don tsufa ya ishe su a zaune. Mai duba musu hanya, Deets, baƙar fata ne, kuma shi ne mafi hankali a tawagar. McMurtry ya ɗauko shi ne daga Bose Ikard, tsohon bawa da ya yi aiki da Charles Goodnight, wanda Goodnight ke damƙa wa kuɗin ciniki a hanya, ya kuma sa aka kafa masa dutsen tunawa a kabarinsa. Gus da Call ɗin ma akwai inuwar Goodnight da abokin kasuwancinsa Oliver Loving a jikinsu.

Mutuwa a littafin nan ba ta sallama. Yaron da ka fara so zai shiga kogi ya gamu da macizai, shi ke nan, garke ya ci gaba. Abin da aka yi wa wata mace mai suna Lorena a hannun 'yan fashi ba na kowane mai karatu ba ne, a faɗa tun da wuri. McMurtry, wanda shi kansa ya yi dillancin tsofaffin littattafai da katafaren shago a garinsu Archer City, ya sha kokawa cewa ya rubuta littafin ne don ya tona asirin tatsuniyar kaboyi, sai mutane suka rungume shi a matsayin tatsuniyar da ta fi kowace daɗi. Ina ganin laifinsa ne, tunda shi ya halicci Gus. Kuma a kan wannan littafi ne dillali ya fi samun la'ada, domin la'adar mai ba da shawarar littafi ba ta wuce mai saye ya dawo bayan wata guda, ko zama bai yi ba, ya ce, "Malam, amma Call ɗin nan bai kyauta ba," ku raba dare kuna musu.

Akwai kuma wani irin dillali da ba ciniki ne a gabansa ba, so yake a ce ya san shanu. Shi ne zai ga yaro ya shigo kara karon farko ya haɗa shi da sa mai tunkuyi. A harkar littattafan nan sunan san Blood Meridian na Cormac McCarthy, shi ma 1985. Babban littafi ne, ban musa ba. Ya ginu a kan tarihin John Joel Glanton da tawagarsa, waɗanda gwamnatin jihar Chihuahua ta Meziko ta yi haya a 1849 tana biyan su a kan kowace fatar kan Apache da suka kawo. Da suka ga mai biya ba ya iya bambance gashin wani da na wani, sai suka koma kashe duk wanda suka samu, har mutanen da suka ɗauke su aikin, kafin 'yan ƙabilar Yuma su gama da su a mashigar kogin Colorado a 1850. McCarthy bai sassauta ko kaɗan ba. Jini ne daga farko har ƙarshe, jimloli dogaye, ba alamar buɗe magana ko rufe ta, ga Sifaniyanci ba fassara, ga wani ƙaton mutum marar gashi da ake kira alƙali Holden yana falsafa a kan yaƙi. Wanda ya karanta goma daga cikin sauran zai gane da wa McCarthy yake faɗa. Wanda ya fara da shi kuwa tunkuyi kawai zai sha. In mutum ya nace sai McCarthy, a ba shi All the Pretty Horses na 1992, labarin yaro ɗan shekara 16 da ya haye doki ya tsallaka Meziko a 1949 bayan an sayar da gandun kiwon kakansa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wani aibin kuma ba na dabba ɗaya ba ne, ya ratsa garken kusan duka, kuma wanda ya ɓoye shi ya ci amanar mai saye. A yawancin littattafan nan ƙasar fanko ce, shimfiɗe tana jiran mai zuwa, mutanen da aka tarar a cikinta kuwa ba su da aiki sai leƙowa daga kan tsauni da kibau. Alhali kafin san Texas ya sami ciyawar Montana sai da aka share ɓauna, waɗanda a da ake lissafa su da miliyoyi goma-goma, aka wayi gari a 1889 waɗanda suka rage a daji ba su kai dubu ba, kuma da su aka share abincin al'ummu da tufarsu da ɗakunansu. John Williams ya nuna yadda aka yi wannan ɓarna a Butcher's Crossing, 1960, inda mafarauta huɗu suka tare wani kwari a Colorado suna harbi har dusar ƙanƙara ta rufe musu hanya. Amma wanda nake so kowa ya haɗa da L'Amour ɗinsa shi ne Fools Crow na James Welch, 1986. Welch jinin ƙabilar Blackfeet ne, ya kuma juya madubin gaba ɗaya: kana cikin zangon mutanensa ne, a Montana, kana bin wani saurayi da ake yi wa dariya don ba shi da dawakai ba shi da sa'a, har ya je harin satar dawakai ya dawo da suna. Ana aure, ana kishi, ana fassara mafarki, ana gulma. Fararen fata su ne baƙin da ke leƙowa daga nesa, da giya da bindiga da cutar agana. Labarin yana gangarawa ne zuwa watan Janairun 1870, lokacin da sojoji ƙarƙashin Manjo Eugene Baker suka afka wa zangon Heavy Runner a bakin kogin Marias, shugaban da ke zaman lafiya da gwamnati har yana riƙe da takardar shaida, suka kashe mutum wajen 200, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Babi biyu na farko suna da wuyar shiga, saboda Welch ya kira kowane abu da sunan da mutanensa ke kiransa, bai tsaya yi wa baƙo bayani ba.

Dattijon da ya yi kiwo da hannunsa, wanda zai karanta Shane ya ce ai wannan bai san saniya ba, nasa daban ne. A nemo masa The Time It Never Rained na Elmer Kelton. Kelton ɗan mai kula da gandun kiwo ne a yammacin Texas, kuma ya yi shekaru yana ɗauko wa jaridar San Angelo labaran noma da kiwo, ciki har da farin shekarun 1950, wanda ya yi wajen shekara bakwai. Littafin ya fito a 1973, daidai lokacin da fari ke karkashe dabbobi daga Agadas har Katsina, don haka wanda ya ga waccan shekara ba sai an yi masa bayanin komai ba. Charlie Flagg tsohon makiyayi ne mai taurin kai da ya ƙi karɓar tallafin abincin dabbobi na gwamnati, don ya yi imani wanda ya ciyar da kai shi zai gaya maka yadda za ka yi. Babu ɗan bindiga, babu fito-na-fito. Akwai manajan banki, da bashin da ke hauhawa, da ɗan da ya fi son wasan hawan dawakai a kan gadon uba. Akwai yadda ake babbake ƙayar wani tsiro mai kaurin ganye da wuta don dabbobi su iya ci, da ranar da mutum zai sayar da shanun da ya yi shekaru yana tace irinsu ya koma kiwon awaki, saboda su ne ke iya rayuwa a kan abin da ya rage. Aibinsa, a gaya wa Baba, tafiyarsa a hankali take, shekara na bin shekara sama ba ta ce komai ba. Kallon da Charlie ke yi wa ma'aikatansa 'yan asalin Meziko kallon uban gida ne na da, Kelton kuma bai wanke shi ba. Turancin ma cike yake da kalmomin masu kiwon tumaki na Texas, sai an ɗan yi haƙuri kafin kunne ya saba.